Ƙarfe a Cinyar Maɗori

Shekara arba'in ina ɗori a Garin Malam,
gindin bedi, kan tabarmar kaba.
In tsaga kara, in narka man shanu,
in ja, in murza, in tofa, in ɗaure.
Ƙwaurin ɗan kabu-kabu, damtsen ɗan kokawa,
har akuyar Inna Gaji na ɗora wa ƙafa, ta tashi.

Sai ranar wata Laraba.
Na hau tsani in gyara indararo kafin ruwa,
tsani ya ce bai san ni ba.
Ƙarar da na ji na san ta,
ƙas, kamar busasshen kara ƙarƙashin kofato.
A bakin mutane nake jin labarinta,
yau a cinyata ta yi.

Na laluba. Yatsuna ba su taɓa yi mini ƙarya ba.
Can sama ne, gab da ƙugu,
inda kara ba ya kai, tsumma ba ya riƙo.
Ƙafa ta gajarce, tafi ya kwanta waje
kamar mai fushi da ɗan'uwansa.
Harisu jikana ya ce, Kaka, asibiti.
Na ce, ni?
Ya ce, to wa zai ja ka? Wa zai tofa?
Ashe da gaske wanzami ba ya son jarfa.

Kowane rami na hanyar Damagaram
sai da ya gaida ni da sunana.

Suka ɗau hoto, radiyo suke ce masa,
suka ɗaga baƙar takarda ga haske.
Shekara arba'in ina hira da ƙashi cikin duhu,
sai yau na ga fuskarsa:
fari, shiru, ya rabu biyu kamar rogo.

Lokotoron mace ce, Falmata.
Ta naɗe hannun riga, ta miƙo mini na hagu.
Baba, ka gane shi?
Daga kan dutsen Birni na zamo ina 'yar bakwai.
Na bi sangalin da babban yatsa.
Ga ƙullin nan kusa da wuyan hannu,
ya ɗan karkata, kaɗan, kamar ƙwayar gero.
Aikina ne.
Na ce, da wannan za ki riƙe wuƙa?
Ta ce, da na dama, ka kwantar da hankalinka.

Raguna biyu suka tafi Kasuwar Dole
suka dawo takardar magani.

Allura a gadon baya, rabina ya yi barci,
rabina ya zauna yana saurare.
Na ji guduma, na ji abin huji yana kuka,
kamar an kawo maƙera cikin ɗaki mai sanyi.
Sanda ta ƙarfe ta bi hanyar ɓargo,
kusa biyu sama, ɗaya ƙasa.
Ba wanda ya tofa komai.
Ni na yi tofina a zuci, kada a ce ban taimaka ba.

Da safe ta zo duba ɗinki.
Ta ce, ƙarfe ba ya ɗori, Baba, riƙo kawai yake,
ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa da kansa.
Na ce, 'yata, haka kara ma.
Muka yi dariya har ɗinkin ya tsawata mini.

Wata huɗu. Sanda biyu, sannan ɗaya.
Yanzu cinyata kan riga kowa sanin hadari.
Na koma gindin bedi, ana kawo mini targaɗe,
ana kawo karayar da ta san kara.
Wadda ƙashi ya leƙo waje kuwa,
ko wadda ta ɓuya can gindin ƙugu,
sai in ce, ku wuce gaba, ku tambayi Falmata,
ku ce mai karkataccen aiki ne ya aiko ku.

Indararon yana nan yadda na bar shi.
Gobe Harisu zai hau.
Ni zan riƙe tsani.